Mota ɗaya, hali biyu: babbar motar da ke shan mai kuma take cin caji

Ranar da kawuna ya miƙo mini makulli ya ce in kai shi ta'aziyya Mirya, na danna maɓallin tayar da motar na zauna ina jira. Allon gaba ya haska, na'urar sanyi ta fara hurowa, amma ba ƙara, ba wata girgiza a sitiyari. Na sake kai hannu zan danna.

"Bari, ɗana, ai ta tashi," in ji shi. "Sa giya kawai mu tafi."

"To, Kawu."

Muka sulale daga gida, ba abin da nake ji sai rairayi yana murƙushewa ƙarƙashin taya. Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne. Muka je, muka yi addu'a, muka juyo, sai da muka kusa shiga gari na ji wata 'yar rawa a ƙafata, allurar inji ta ɗaga. A lokacin ne injin mai ya tashi karo na farko tun fitarmu. Motar BMW ce, samfurin 530e na 2019, kuma tun daga ranar mutane ke tambayata ko ta mai ce ko ta lantarki. Amsar ita ce duka biyun. Wanda zai fi bayyana a cikinsu kuwa ya danganta ne da abin da mai motar ya yi mata daren jiya.

Motocin da ke da batirin tuƙi iri uku ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai irin Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997: tana da injin mai da ɗan ƙaramin batir, ba a jona ta ko'ina, ita ke caja kanta tana tafiya. Akwai ta lantarki zalla, wadda ba ta da tanki ko kaɗan. Ta ukun ita ce tamu ta yau: tana da cikakken injin mai da tankinsa, tana da batirin da ya isa ya ja ta wasu gomman kilomita shi kaɗai, kuma tana da baki na biyu a jikinta inda ake jona waya daga bango. Kamfanin BYD na Sin ne ya fara fitar da irinta kasuwa a ƙarshen 2008. Daga baya fasahar ta hau motocin manya, dogayen nan masu ƙofa huɗu da but a baya, irin su BMW jerin 5, Mercedes jerin E, Audi A6 da Volvo S90. Ba son shiru kaɗai ya kawo haka ba. Tarayyar Turai ta kafa wa kamfanoni iyakar hayaƙi, matsakaicin giram 95 a kowace kilomita daga 2021, da tara mai nauyi ga wanda ya wuce, sannan ƙasashe da dama suka sassauta haraji ga ma'aikatun da ke saya wa shugabanninsu irin wannan mota. Babbar mota mai nauyi ba ta da hanyar shiga ƙarƙashin wannan iyaka da ta fi ɗaukar batir.

Idan ka buɗe gaban 530e, injin da za ka gani ba baƙo ba ne: silinda huɗu, lita 2, da turbo, ƙarfin doki 184. Injin lantarkin ba za ka gan shi ba, domin yana cikin kwanson giya. Giyar mai hawa takwas ce ta kamfanin ZF na Jamus, kuma a inda motar atomatik ta saba da tukunyar nan mai juya ruwan giya, sai aka cire ta aka zaunar da injin lantarki mai ƙarfin doki 113. Tsakaninsa da injin mai akwai kuloci guda, wanda kwamfuta ke sarrafawa, ba ƙafar direba ba. Duk sirrin motar yana wannan kuloci. In ya buɗe, injin mai ya rabu da tayoyi, yana iya kwanciya abinsa, lantarki kaɗai ke jan mota. In ya rufe, su biyun sun hau sanda ɗaya, suna turawa tare. Kuma da yake injin lantarkin yana gaban giya, shi ma yana cin moriyar hawa takwas ɗin nan, shi ya sa mai lura zai ji motar tana canja giya ko da injin mai yana kashe. Volvo ta bi wata hanya dabam a S90 T8: injin mai yana jan tayoyin gaba, na lantarki yana tura na baya, ba sandar da ta haɗa su.

Mai lissafi zai ce 184 da 113 ai 297 ke nan, amma a takardar motar 252 aka rubuta. Ba kuskure ba ne. Injin mai ba ya kai ƙololuwar ƙarfinsa sai ya yi gudu sosai, shi kuwa na lantarki ƙarfinsa na murɗa taya yana nan cike tun daga tsaye, sai ya riƙa ja da baya in juyi ya yi yawa. Ba sa haɗuwa a ƙololuwa lokaci guda, sannan akwai iyakar wutar da batir zai iya saki a daƙiƙa ɗaya. A gyaran da aka yi wa motar a 2020 an ƙara wani tsari da ke ba da ƙarin ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, har jimillar ta kai 292.

Wannan bambancin hali na injinan biyu shi ne ya sa tuƙinta ke da daɗi. Duk wanda ya tuƙa mota mai turbo ya san ɗan jinkirin nan: ka taka totur, sai ta ɗan yi shiru tana tara numfashi kafin ta zabura. A nan, cikin wannan ɗan lokaci injin lantarki ya riga ya tura. Na fi jin amfanin haka a hanyar Maraɗi, inda kake bin bayan tirela mai lodin da ya wuce kanta, ka leƙa ka ga sarari kaɗan ne kafin wata ta iso. Kana takawa motar tana amsawa, giya ta sauko, injin mai ya kama, kafin ka ankara ka wuce. Daga tsaye zuwa gudun 100 daƙiƙa shida da 'yan kai take yi. Totur ɗin ma yana da wani ɗan tudu a can ƙasa. In ka danna ka wuce shi, ko da ka zaɓi tafiya da lantarki zalla, injin mai zai farka nan take.

A cikin gari kuwa wata mota ce dabam. A cunkoson bakin kasuwar Dole, inda 'yan kabu-kabu da amalanke da masu adaidaita ke neman rami ɗaya, tana tafiya taku-taku ba fizga, ba hayaƙi, ba zafin inji yana tasowa. Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar sanyinta. A motar da muka sani, bel ɗin inji ne ke juya kwamfuresa, saboda haka in kana son sanyi dole inji ya yi ta aiki ko kana tsaye. A wannan, kwamfuresan da wutar babban batir yake aiki. Direba zai iya jiran maigidansa a ƙofar ofis a tsakiyar Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, cikin sanyi, ba tare da ɗigon mai ya ƙone ba. Shirun nan dai yana da haɗarinsa. A lungunan Birni da Zango, yara da tsofaffi da awaki da kunne suke sanin mota na zuwa. Turai ta wajabta sa wa irin waɗannan motoci wata ƙara ta gargaɗi a ƙaramin gudu, ga sababbin samfura daga Yulin 2019, ga kowace sabuwar mota daga Yulin 2021. Wadda aka ƙera kafin nan tana iya zuwa babu, don haka a lungu sai a hankali, hannu kusa da hon.

Birkinta ma sai an saba. In ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taɓa birki sama-sama, ba takalmin birki ne ke riƙe motar ba. Injin lantarkin ne ke juyewa ya zama janareta, tayoyi su riƙa juya shi, gudun da da zai tafi a zafin ƙarfe ya koma batir. Sai ka ƙara dannawa sannan birki na ainihi ya shigo. Kwamfuta ce ke saje su, kuma a mitocin ƙarshe kafin tsayawa ƙafa takan ji ɗan canji, kamar an sauya mata abin da take takawa. Kwana biyu ya isa a saba, kuma ribar ita ce takalmin birki yana daɗewa.

Duk wannan da kuɗinsa, kuma da nauyi ake biya. Batir da injin lantarki da wayoyi da na'urar caji sun ƙara wa motar wajen kilo 200 a kan 'yar'uwarta mai mai zalla, kamar a ce buhu huɗu na siminti suna ciki kullum ba a sauke su. Injiniyoyin sun yi dabara, suka shimfiɗa batirin ƙarƙashin kujerar baya, can ƙasa kuma gaban tayoyin baya, don haka motar ta zauna daram a kwalta, iska ba ta kaɗa ta. Amma a kwana mai kaifi za ka ji nauyin yana son ya zarce, kuma in taya ta faɗa rami dukan ya fi ƙarfi. Wurin da batir ya zauna a da na tankin mai ne, sai aka ture tankin zuwa baya aka rage shi, daga lita 68 ya koma 46. But ɗin ma ya ragu, daga lita 530 zuwa 410. Ga mai tafiya Yamai, kusan kilomita 900, wannan na nufin dole ya tsaya shan mai a hanya, kuma ya yi tunanin kayan da zai loda. Tankin kansa a toshe yake ruf don kada tururin mai ya fita a kwanakin da inji bai tashi ba. Kafin a buɗe murfin sai direba ya danna wani maɓalli a ciki ya ɗan jira iskar ta sauka. Na ga yaron gidan mai yana ta danna murfin da yatsa, har Kawu ya sauke gilas ya ce masa, "Yi haƙuri samari, za ta buɗe da kanta."

Sai maganar da ta fi ruɗar masu saye, wato shan mai. A takardar 530e ta farko, ta 2017, an rubuta wajen lita 2 a kilomita 100. Mutum ya ji haka sai ya ce ai ko babur bai kai ta tattali ba. Adadin gwajin ɗaki ne: ana fara shi da batir cike, a kan tafiya gajera, sai a ɗauka yawancin kwanakin mai motar haka suke. Ga wanda ke caji kowane dare kuma zirga-zirgarsa ta yini ba ta wuce kilomita 30 ko 40 ba, gaskiya ne, har ma yana iya shafe mako bai ƙona lita ɗaya ba. Ga wanda ba ya caji, labarin ya sha bamban. Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto a Maris 2024, daga na'urorin auna mai da ke cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, ta gano cewa hayaƙin da motoci masu caji ke fitarwa a kan hanya ya ninka na takarda kusan sau uku da rabi. Babban dalilin shi ne masu su ba sa jona su yadda aka zata. To in a ƙasashen da wuta ba ta yankewa haka ta faru, mu sai mu yi wa kanmu lissafi na gaskiya.

Batirin motar 2017 kilowat-awa 9.2 yake ɗauka, na 2019 kuma 12, kuma ba duka ake amfani da shi ba, domin kwamfuta tana riƙe wani kaso a sama da ƙasa don ya daɗe. Ko allon ya nuna caji ya ƙare, akwai ɗan saura da motar ke juyawa kamar yadda Prius ke yi, don haka ba ta mutuwa a hanya, kuma a gari har yanzu ta fi mai mai zalla tattali. A doguwar hanya ne ribar ke narkewa. Daga Damagaram zuwa Maraɗi wajen kilomita 235 ne. In ka bar ta ta cinye batir tun daga fita, kafin ka yi nisa ya ƙare, sauran kusan 200 ɗin injin mai ne zai ja motar da buhunan simintin nan huɗu, a shimfiɗaɗɗiyar hanya inda ba a yawan taka birki balle a samu abin mayarwa batir. Shi ya sa aka sa mata maɓallin ajiye caji. A babbar hanya ka bar injin mai ya yi aikinsa, a nan ya fi ƙwarewa, ka adana batirin sai ka shiga gari.

Mu nan muna da wani yanayi na musamman. Matatar SORAZ tana arewa da mu a hanyar Tanut, tun Nuwamban 2011 take tace ɗanyen man Agadem, da ƙarfin ganga 20,000 a rana, kuma a Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar fetur zuwa sefa 499, dala ɗari babu kaɗan. Wuta kuwa ta fi wuya. Wani babban kaso nata ta layin da ya taso daga Katsina yake shigowa, kuma ba wanda ya manta watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke ta. Mota mai hanya biyu ta dace da irin wannan wuri fiye da ta lantarki zalla, wannan ba shakka: in wuta ta tafi ka sha mai, in layin gidan mai ya yi tsawo ka jona ta a gida. Amma cajin yana da sharuɗɗansa. Soket na gida yana ba da wajen kilowat 2.3, wato awa biyar zuwa shida kafin batir mai 12 ya cika, kuma duk tsawon awannin nan wayar tana ɗauke da nauyin da ya kai na dutsen guga biyu a kunne. Siririyar waya da aka ja daga falo, ko tsohon soket mai sako-sako, zafi zai yi har ya narke. Sannan yawancin wayoyin caji suna da akwati a tsakiya da ke binciken ko gidan yana da wayar ƙasa, kuma da yawa daga gidajenmu ba su da ita. A gidan Kawu, daren farko jar fitila kawai akwatin ya nuna. Sai da mai gyaran wuta ya zo ya kafa sandar tagulla a ƙasa, ya ja layi na musamman mai kauri daga mita zuwa rumfar mota, sannan ta karɓa. Caji da ƙaramin janareta kuwa asara ce, domin man da zai ƙona ya cika batirin ya fi wanda injin motar zai sha ya yi tafiyar da kansa. Wanda ke da faifan hasken rana masu yawa a rufi shi ne ya dace, sai dai fa rana da rana take, lokacin da motar ta fi zama a ofis.

Zafi shi ne abin da na fi jin tsoro a kanta. Batirin lithium ba ya son zafi, yana tsufa da wuri in ya daɗe cike a cikin rana. A 530e, iskar gas ɗin na'urar sanyi ce ke bi ta cikin batirin tana sanyaya shi. Ma'ana, a wannan mota gas ɗin sanyi ya tashi daga kayan jin daɗi ya zama na lafiyar batir. In ya tsiyaye, ba za ka ce bari in sauke gilas in haƙura har hunturu ba, domin kwamfuta za ta rage ƙarfin lantarkin don ta kare batirin. Inuwa, wanke ƙurar da ke toshe lagireto a lokacin hazo, da canja matatar iska da wuri sun fi muhimmanci a nan fiye da yadda littafin da aka rubuta don Turai ya nuna. Injin mai ɗin ma mai zaɓen abinci ne, yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi, kuma ɗan datti ko ruwa daga kwalbar 'yan ruwa-ruwa na bakin hanya ya isa ya lalata kayan da kuɗinsu ba kaɗan ba ne. Wanda ke yawo da lantarki kullum ya kamata ya riƙa ba injin doguwar tafiya lokaci-lokaci, ya yi zafi sosai, kada man tanki ya tsufa, kada baƙin mai ya tara danshi. Cikinta kuma bai kai santimita 15 da ƙasa ba. An yi ta ne don kwalta. Rairayin unguwannin bayan gari da kwarin da damina ke yankawa ba wurinta ba ne.

Makanikanmu gwanaye ne, sun raya motocin da masu ƙera su suka manta da su. Sai dai wayoyin nan masu launin lemo da ke ratsa ƙarƙashin motar suna ɗauke da wuta sama da bolt 300, ba 12 na batirin da aka saba ba, kuma tana kisa. Akwai tsarin kashe ta kafin a sa hannu, akwai safar hannu ta musamman, akwai kwamfutar bincike da ke karanta lafiyar batir. Aikin taya, birki, shokozoba da juyen baƙin mai kowane gareji mai kyau zai yi. Abin da ya shafi wayar lemo, sai wanda ya koya.

Sababbin samfura sun rage wasu daga cikin waɗannan matsaloli. 530e da ta fito a 2023 tana da batir mai kilowat-awa 19.4 da ƙarfin doki 299, kuma a takarda tana yin wajen kilomita 100 da lantarki. Mercedes E 300 e ta wannan zamani tana da mai 25.4. Da irin wannan, zirga-zirgar kwana biyu ko uku a cikin Damagaram tana iya fita a caji ɗaya, sai dai cika shi a soket na gida zai cinye dare gaba ɗaya, kuma nauyin ya haura tan biyu.

Waɗanda za su fi isowa wurinmu dai na hannu ne, na 2017 zuwa 2020, bayan sun gama aiki a Turai. Mai son saye kada ya tsaya ga fenti da kilomitar da allo ya nuna. Ya tabbatar wayar caji tana cikin but, ya jona ta da kansa ya ga ta karɓa, ya bar ta ta cika. Sannan ya zaɓi lantarki zalla, ya kunna sanyi, ya kama hanyar Mirya, ya lura da inda injin mai zai farka.